Ludayin Gwaggo a Madubin Babur

Littafin ya zo makarantarmu ta Tambuwal a cikin kwalin taimako, irin wanda ake aiko wa mutanen da aka ji labarin ba su da abin karatu. A kwalin akwai jagorar gyaran injin ɗumama ɗaki, akwai ƙamus da ya ƙare a tsakiyar haruffa, sai shi, ba bango, ba shafin farko. Da yake ni ne malamin zane, kuma ɗakin malamin zane shi ne jujin da ya fi kusa da ofishin hedimasta, sai aka miƙo mini.

Zane-zanen Faransawa ne, na zamanin da manyansu ke sa gashin aro. An yi su da jan alli. Wai makiyaya ne. 'Yan mata zaune a gindin bishiya cikin siliki, ƙafa ba takalmi amma ba kaushi ba faso, tumakinsu da ƙyalle ɗaure a wuya kamar za a kai su biki. Ba ƙaya, ba kaska, ba manomin da ya taso da gora yana ihu an shiga masa wake. Bayanin da ke ƙasa ya ce matan fada da attajirai ne ke sayen irin wannan su rataya, don su huta da birni ba tare da sun taka kashin tunkiya ba. Da masu so suka yi yawa, sai maƙeran ɗab'i suka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe mai haƙora, suna gangara shi a kan farantin tagulla yana barin ɗigo-ɗigo irin na alli, a shafa jar tawada, a buga iya son rai. Mai saye ya ɗauka alli ne. Wato kiwon ƙarya aka zana, aka buga shi da allin ƙarya, ni kuwa na kamu da son abin kamar ciwo.

Akwai guda da ta fi tsaya mini a rai. Yarinya ce tana miƙa wa wani saurayi mai sarewa kwandon 'ya'yan itace, da hannun hagu. Duk lokacin da na buɗe shafin sai na ji haushinta, duk da haka sai na sake buɗewa.

A shekarun nan ban iya zama wuri ɗaya ba. Babana ya sauka daga bin shanu tun yana saurayi, ya kama garma a Tambuwal, ya ce ya gaji da kwana inda saniya ta ga dama. Ƙafar da ya ajiye, ni ta faɗo wa. Ina cikin aji ina nuna wa yara yadda ake zana inuwar tulu, kunnena na kan titi. Da an tashi sai in buga babur, wani lokaci ban san inda na nufa ba sai na ga kaina a hanyar Kebbe. A wani kwazazzabo na hanyar nan na samo jan dutse mai laushi. Nakan daka shi a turmin mai ɗakina, in tana unguwa, in kwaɓa da ɗan ƙaro, in murza shi sanda-sanda kamar ƙuli-ƙuli, in shanya. Shi ne jan allina. Ban taɓa ganin na Faransa ba, saboda haka ba wanda zai ce mini nawa bai kai ba.

Gwaggo yayar babana ce. Ita ba ta sauka ba. Rugarsu kan zauna wajen Fakku da damina har kaka, ranar kasuwar Kebbe kuwa tana gindin wata bishiya da ƙwaryar nono da fura, tana dama wa mutane tana yi musu faɗa a haɗe, faɗan kyauta. 'Ya'yanta mata biyu sun yi aure cikin gari, babbar a Sanyinna, ƙaramar a Jabo. Taubasaina ne, 'ya'yan mace ni ɗan namiji, don haka tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a yanke hukuncin wanda ya sayi wani ba.

Bayan kakar wata shekara 'ya'yan Gwaggo maza suka ce za su yi kudu, kuma wannan karon ba dawowa. Burtalin da suke bi an nome shi, mashayar an zagaye ta da albasa. Gwaggo za ta bi su, don ba ta san wani zama ba sai bayan shanu.

Ƙaramar ta Jabo ce ta same ni a gida, da goyo, da fuskar wadda ta zo karɓar kayanta.

"Kai bawa," ta ce, "an ce kai ka koya ma ɗiyan mutane zanen tulu da buta. Ka iya mutum?"

"Har jaki na iya, in za ki zauna."

"Jakin ya gode. Inna nika so ka yi min."

Na buɗe baki zan ƙara wata, sai na ga ba wasa a idonta.

"Su yaya sun ce ba su dawowa," ta ce. "Ka ko san mai gidana, ko Tambuwal zan zo sai an yi shawara kamar za a haƙa rijiya. In tat tafi, da mi zan nuna ma ɗiyana kakarsu?"

Na ce ai akwai mai hoto a kasuwar Kebbe. Ta yi tsaki. Gwaggo sau ɗaya aka taɓa ɗaukarta, na katin zaɓe, ta duba ta ce an ba ta fuskar wata matar da aka kama da kayan sata. Tun daga ranar in ta hango mai hoto sai ta ja mayafi.

"Kuma biyu za ka yi," ta ƙara tana gyara goyo. "In ta Sanyinna ta ji ina da shi ita babu, sai mu mutu ba mu gaisa ba."

Ranar kasuwa na je na tsuguna gaban Gwaggo, na gaishe ta, na ɗora takarda a kan katako. Ban nemi izini ba, don na san amsar. Ta ƙyale ni na ɗan jima, sannan ta leƙo.

"Mi kaka gogawa?"

"Ƙasa ce, Gwaggo. Jan dutse."

"Ƙasa? To yi wasanka. Da ita aka yi mu, ba ta cuta ta."

Don in sa ta zauna, na nuna mata littafin, na ce ga 'yan'uwanta makiyaya na wata ƙasa. Ta goge hannu, ta duba tumakin masu ƙyalle, ta yi musu kawaici irin wanda ake yi wa mahaukacin gidan mutane. Da ta zo kan mai kwandon nan ne ta tsaya.

"Wagga ba ta da uwa?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ta ba namiji abinci da hagu, shi ko ya miƙo hannu. Allah shi bar su tare, sun dace."

Ranar hannuna ya yi abin da bai taɓa yi ba. Na kama ta tana miƙa wa wani ludayin nono, haɓa a ɗage, ido a kankance, baki rabi a buɗe don tana tsakiyar gaya masa rigarsa ta yi datti. Duk wanda ya leƙa sai ya yi dariya ya ce ita ce. Na koma Tambuwal da takardar a cikin rigata, ina kauce wa ramuka kamar na ɗauko ƙwai.

Sai maganar na biyu.

Na zauna na kwafa da hannu. Na farko ya fito tsohuwa ce dai, amma ba tamu ba. Na biyu ya fi muni: hanci ya faɗaɗa, kumatu suka sauko, mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni me ya sa na ɗaura wa hedimasta ɗankwali. A nan na gane siffar ba a hannuna take ba. Sai Gwaggo tana gabana tana faɗa take zuwa.

Na kai shagon fotokofi. Muka jira wuta, ba ta zo ba, aka tayar da janareta. Injin ya haɗiye jan allina ya amayo wani baƙin abu, kamar an zaro Gwaggo daga gobara. Mai shagon ya ce ai ya fito, ga ludayin nan ana gani.

Na koma ga littafin. A wani shafi an faɗi dabarar da masu zanen kansu ke yi in suna son kwafi ɗaya ko biyu ba tare da sun je wajen maƙeri ba. A jiƙa farar takarda sama-sama, a kifa ta a kan zanen, a danne da ƙarfi, allin da ke sama ya tashi ya kama ta. An kuma rubuta cewa hoton kan fito a juye. Na karanta wannan layin irin karatun da muke yi wa dokokin jarrabawa, na gyaɗa kai na wuce.

Na jiƙa takarda, na matse ta tsakanin tsummoki, na kifa, na ɗauko dutsen guga na gawayi, ba wuta, na hau kansa da duk nauyina. Da na ɗaga, Gwaggo ce. Ta fi ta asalin laushi ma, kamar an gan ta da sanyin safiya. Ban jira ta gama bushewa ba na buga babur sai Jabo.

Taubashiyata ta karɓa da hannu biyu a tsakar gida. Idonta ya kawo ruwa. Ina tsaye ina shirya kalmomin tawali'u da zan faɗa in ta fara yabo, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ɗaga hannunta na dama, ta duba, ta duba takardar, ta juya jikinta ta tsaya daidai yadda uwar ke zaune.

"Wane hannu na wanga?"

Na duba. Ludayin yana hagu.

"Ai ɗab'i ne," na ce, "haka yake juyawa. Faransawa ma..."

"Faransawa su ba uwayensu. Inna ta ba mutum nono da hagu? Tun da nit tashi ko kare ban ga ta jefa ma ƙashi da shi ba." Ta rage murya, ta nuna ɗakin surukarta da haɓa. "Waccan kullum jira takai ta ce ga ɗiyar daji. In rataya wanga ta gani, ta ce to ga gidan da nif fito? Ɗauke shi kafin ta leƙo."

"To in ba ki na asalin."

"Ka kai ma ta Sanyinna na hagun? Bawa, kana son a yi zaman makokinka da wuri."

Da na dawo gida na ɗauki littafin na tsaya gaban madubin mai ɗakina, na buɗe shafin mai kwando. A cikin madubi yarinyar ta miƙa kwandonta da dama, cikin ladabi, kamar wadda ta tashi a hannun kaka. Wataƙila haka mai zanen ya yi ta, ɗab'i ne ya ɓata mata suna. Shekara da shekaru ina zagin 'yar mutane, na kuma kai ta har Kebbe an ƙara mata.

Amma hakan ya ba ni dabara. In ɗab'i ɗaya na juyawa, biyu za su mayar. Sai in sake cirowa daga na asalin, tun yana da danshi in kifa shi a kan wata takardar, dama ta koma dama. Lissafin ba shi da aibu. Don allin ya isa hawa biyu, na ƙara wa takardar ruwa, na ƙara wa dutsen gugar nauyi. Da na zo ɗagawa, takardun suka ƙi rabuwa. Na bi a hankali da bakin wuƙa. Suka rabu, amma fuskar Gwaggo ba ta bi kowa ba. Rabi ta saɓule ta manne can, rabi ta zama jan tabo a nan. Ludayin ne kawai ya tsira, shi da bai taɓa zama matsalar kowa ba sai da ya sauya hannu.

A makon nan wani mai kabu-kabu ɗan Fakku ya gaya mini an fara kwance bukkoki a rugar. Kasuwar Kebbe mai zuwa ita ce ta ƙarshe ga Gwaggo. Abin da ke hannuna shi ne tsohuwa guda mai ba da nono da hagu, wadda ba ɗiyar da za ta karɓa.

Kwanakin nan ban koyar da abin kirki ba. In ba yara aikin zanen buta, in fita in zagaya makaranta, in dawo in tarar sun gama, in ce su ƙara mata inuwa. Tunani ɗaya nake juyawa. In ana son kwafi ya fito da dama, dole uwar zanen ta zama ta hagu. Kuma dole Gwaggo na gabana.

Ranar kasuwar na isa tun ana kafa rumfuna, da katako, da takardu, da allin da na yi wa kauri musamman, da dutsen guga ɗaure a bayan babur. Na tsuguna na yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ƙare da roƙon ta riƙe ludayin da hagu na ɗan lokaci kawai.

Ta dube ni kamar na ce ta yi rawa.

"Cikin kasuwa?"

"Ba za ki ba kowa ba, Gwaggo. Riƙewa kawai."

"In riƙe ludayi da hagu, mutanen Kebbe na kallo, ranar da nika bankwana da su, don takardarka ta yi kyau. Wanga shi na ilimin da ubanka ya sai da maraƙi a kai?"

Na tashi na koma jikin babur ina cizon yatsa. A nan idona ya faɗa kan madubin. Gwaggo ce a ciki, 'yar ƙarama, tana dama fura da hagu, ba tare da ta yi laifin komai ba. Na tuna littafin ya ce maƙeran can ma da madubi suke aiki. Na juya babur ɗin, na kafe shi, na hau, na ɗora katako a kan tanki, na murɗa madubin har ta zauna a tsakiyarsa.

"Kai!" Muryarta ta daki bayana. "Ƙeya ka juya min?"

"Gwaggo, liman ma baya yake ba jama'a."

"Awo. Limamin babur. Allah shi tsare mu da zamanin da nika gani."

Masu sayen nono suka fashe da dariya. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Fakku, mutum ɗaya da buhu." Na ce ba haya nake ba. Ya ce to me nake yi a kan babur da rana tsaka ina kallon madubi kamar amarya. Kafin azahar mutum nawa ne suka nemi in kai su wani wuri, ban ƙirga ba, wata tsohuwa ma sai da ta hau aka sauke ta.

Zane daga madubin babur azaba ce. Fuskar ba ta fi ƙwallon goro ba, in na numfasa babur ya motsa ta fice. Ga rana a ka. Amma Gwaggo tana faɗa, hannuna kuwa ya ji muryar ya kama hanya.

Da kasuwa ta ɗan lafa, sai na ji muryar ta sauka.

"To, tunda ka ba ni ƙeya, bari in gaya mata abin da ban gaya ma fuskarka ba."

Ban juya ba. A madubi na ga ba ni take kallo ba, ƙwaryarta take kallo.

Ta ce babana da zai sauka ta yi fushi da shi har ta ƙi zuwa aurensa, yanzu ga shi shi yana da inda za a binne shi kusa da wanda ya sani, ita kuwa sai inda tafiya ta tsaya. Ta ce ni ma ta ga ƙafata irin tasu ce, in yi hankali, mai yawo ba shanu yawon banza yake. Ta kori ƙuda. Sannan ta ce, "Takardun nan naka biyu. Duka ɗaya za su fito?"

Na ce a'a. Na farko zai fi ja, na biyu zai ɗan kwanta.

"Mai jan, ka kai ma waccan. Ta Sanyinna."

Waccan ita ce 'yar farinta. Tun da aka haife ta Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonta ba. Kakarta ce ta goye ta, kamar yadda aka saba a wurinsu. In sun haɗu a biki sai su gaisa ido a ƙasa kamar baƙi.

"Ƙaramar ta sha ni har ta ƙoshi," in ji Gwaggo. "Waccan ko kallon kirki ba ta samu ba. To ta kalla yanzu. Kada ka ce ni nic ce."

Fuskar da ta yi lokacin ce ta hau takardar. Ba ta ranar farko ba ce mai haɓa a ɗage. Na so waccan, amma wannan aka ba ni.

Da la'asar na bi ta rugar. Rabin bukkokin sun zama kara a ƙasa, an ɗaure tabarmi da ƙwarya ana jiran jakai. Na kifa turmi, na ɗora katako, na jiƙa takarda, wannan karon da rowar ruwa irin ta mai rijiya a bazara. Na danne. Na ɗaga kusurwa ɗaya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta taso lafiya, ja sosai, ludayi a dama. Na kifa ta biyu. Ita ma ta taso, a kwance, kamar ana hangenta ta cikin labule, amma ita ce, kuma da dama.

Gwaggo ta riƙe su nesa da ido ta daɗe.

"Tsohuwa ta dai," ta ce. "Amma ta san hannun da aka ba mutane abinci."

Na fara tattara kayana, ina tura uwar zanen ƙarƙashin katako tare da wancan na farko da aka koro daga Jabo. Su nake nufi in riƙe. Mutum ya yi wahala irin wannan ai ya ci ladan fuskar gwaggonsa.

"Waɗancan na hagun fa?"

"Nawa ne, Gwaggo. A akwati zan sa. Ba mai gani."

"Kai za ka gani. Ɗiyanka su buɗe akwatin bayan ranka su gani, ba mai gaya musu zancen madubi." Ta miƙo hannu. "Kawo."

Na ce a madubi zan riƙa dubawa, ta koma daidai. Na ce aikin yini guda ne a cikin rana. Na ce har Faransawa suna ajiye irinsu a gidan tarihi. Ta bar hannun a miƙe har na gama. Na ba ta.

Ta sa su a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta murza da tafin hannu yadda ake wanke allo. Ruwan ya yi ja. Ta kai shi inda shanu suka kwana damina guda, ta zubar.

"Ƙasa ta, ka ce. To ta koma."

Na kai na Sanyinna washegari. Ban ce Gwaggo ce ta zaɓa ba, na dai ajiye biyun a tabarma na ce wannan mai jan shi ne naki. Babbar ta dubi nata, ta dubi ɗayan, ta dube ni. Ita ma a rugar ta tashi, ta san ba ni ke da wayon wannan rabo ba. Ta ɗauka ta shiga ɗaki. Na zauna har ruwan da aka kawo mini ya huce, ba ta fito ba, na yi sallama da ƙofar na tafi.

A Jabo an yi abin da na zata.

"Wato ni aka ba ta ruwa-ruwa. An kwashe man an ba ni tsala."

"Ke kin sha na asali shekara nawa."

Ta dube ni da sauri, ta gane ba maganata ba ce. Ta ɗauki takardar. Ta kai ɗakin surukarta da kanta ta nuna mata.

Gwaggo ba ta dawo ba. Ni da na yi zanen ba ni da ko ɗaya. Na sha gwadawa daga ka, a bayan takardun jarrabawa, a allon aji bayan an tashi, kullum wata ce ke fitowa. In abin ya taso mini sai in buga babur in nufi Jabo, don ta Sanyinna ba ta nuna nata ga kowa. Madubin nan tun ranar bai koma daidai ba, in na ɗaure shi ya kalli hanya, kafin in fita gari ya sunkuya yana nuna mini ƙasa.

Jan dutse da ƙaro ba ya riƙe takarda har abada. Taubashiyata tana ajiye nata a tsakanin zannuwa, duk fitowar da za a yi da shi sai ya bar ɗan ja a jikin atamfa. Zuwana na baya-bayan nan ta fito da shi, muka kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi, muka yi ta karkata shi.

"Bawa," ta ce, "tana ƙara nisa."

Akwai guntun alli a aljihuna, ba na rabuwa da shi. Na ce ta bari in ɗan bi layin ido da na haɓa, sama-sama, yadda ba za a gane ba. Har na fito da shi.

Ta buge mini hannu, allin ya faɗi ya karye.

"Ka mai da min uwa hedimasta? Bar ta haka nan."

Ta mayar da shi cikin zannuwan ta rufe akwati. Na tsince guntayen, na sha ruwa, na ce zan wuce. Ta tambaye ni ina, na ce sai na hau tukuna.